Na gwada Wolfram Alpha da lambar da ta ruɗi Fermat

Na kai wata uku ina amfani da shafin Wolfram Alpha mai amsa tambayoyin lissafi a intanet, wanda aka buɗe a 2009, kuma abin da ya fi riƙe ni shi ne yadda yake feɗe babbar lamba tun daga kai har wutsiya. Da Turanci ake yi masa tambaya, amma idan lamba ce tsura, rubuta ta kawai ya isa.

Lambar da na fara jefa masa ita ce 4,294,967,297. Da gangan na zaɓe ta. Idan aka jera 2 har guda 32 ana ninka su da juna, aka ƙara 1, ita ake samu. Masanin lissafin nan na Faransa, Pierre de Fermat, ya yi zaton duk lambobin wannan dangi, wato waɗanda ake samu idan aka jera 2 guda 1, ko 2, 4, 8, 16, 32 da sauransu, aka ninka su da juna aka ƙara 1, ba sa rabuwa da komai sai da 1 da kansu. Yana da hujjar zatonsa, domin biyar na farko, wato 3, 5, 17, 257 da 65,537, duk haka suke. Ta shidan, wato wannan da na zaɓa, ita ce ta ba da shi. A 1732 wani masanin lissafin, Leonhard Euler, ya nuna cewa 641 tana raba ta ba saura.

Kafin ƙiftawar ido shafin ya kawo min amsa: 641 sau 6,700,417. Ya nuna mara ce ba cika ba, ya ƙirga alƙalumanta goma, ya jera saurar da take bari idan an raba ta da ƙananan lambobi. Wurin da na daɗe ina kallo shi ne siffarta a ƙirgen kwamfuta, mai amfani da sifiri da 1 kawai: 1, sai sifiri 31, sai wani 1. Lambar da ta yi kama da tarkace a rubutunmu na yau da kullum, ashe a can tsaf take.

Duk da haka ban yarda ba sai da na ɗauki biro na ninka su da hannuna. Ta fita daidai. Daga nan na bi sawun Euler, na ga ba laluben duhu ya yi ba. Duk lambar da za ta raba wannan dole ta zama ninkin 64 da ƙarin 1, ga shi 641 ita ce 64 sau 10 da ɗaya. Ranar na yi farin ciki ƙwarai.

Na kuma ba shafin 2,147,483,647, wadda ba ta cikin dangin Fermat, ya tabbatar ba ta rabuwa, kamar yadda Euler ya bayyana a 1772.

Ɗalibi da malamin lissafi za su ci moriyarsa sosai, musamman in sun ajiye takarda a gefe suna bin kowace amsa da hannu. Ni yanzu 65,537 nake ta juyawa, domin har yau ba a sake samun wata a dangin Fermat bayanta da ta ƙi rabuwa ba.