Ƙwan atimiya a matsayin abincin jariran niyut: abin da na gani a Bauchi

Duk wanda ya ɗauki ɗawainiyar rainon jariran niyut a gida zai gane da wuri cewa abincinsu ne babban aiki, domin ba sa ko kallon abin da ba ya motsi. Niyut dabba ce mai siffar ƙadangare amma dangin kwaɗo, kuma irin da nake kiwo, wanda masana ke kira Pleurodeles waltl, asalinsa daga Sifen da Fotugal da Maroko ne. Na samo nawa daga wani mai kiwonsu a Jos suna ƙanana ƙwarai, ƙafafun gaba kawai suka fito, kuma shi ne ya ba ni shawarar in nemi ƙwan atimiya a wurin masu sayar da kayan kiwon tarwaɗa.

Atimiya wata ƙaramar halitta ce dangin jatan lande da ke rayuwa a ruwan gishiri, kuma kaso mai yawa na ƙwanta da ke kasuwar duniya daga babban tafkin gishiri na jihar Utah ta Amurka ake kwaso shi. Ana sayar da shi a bushe cikin gwangwani, launinsa ruwan ƙasa, kuma giram ɗaya yana ɗauke da ƙwai fiye da dubu 200. Gwangwanin yana da tsada sosai, amma masu shago a nan sukan auna wa mutum kaɗan a ƙaramar roba, wanda ya wadatar da mai kiwo a gida.

Abin da ya kamata mai saye ya kula da shi tun a bakin shago shi ne cewa iri biyu ne. Akwai wanda aka cire wa ɓawo, wanda masu ƙyanƙyasar tarwaɗa suka fi so domin barbaɗa shi kawai suke yi a ruwa, akwai kuma mai ɓawo wanda sai an ƙyanƙyashe shi. Mai shagon ya yi ta yabon na farkon, yana cewa, "Malam, wannan ba ya ba da wahala, shi kowa ke ɗauka," kuma ba ƙarya ya yi ba idan tarwaɗa ake nufi. Sai dai da na gwada shi, jariran niyut ɗin sun bar shi kwance a ƙasan mazubin ruwansu har ya fara ɓata ruwa, ko ɗaya bai kusance shi ba. Don haka mai ɓawon kaɗai nake ba da shawara a kansa.

Ƙyanƙyasar ba ta buƙatar kayan a-zo-a-gani. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi ake yanke wa gindi a kifa ta, a zuba ruwa da gishiri kimanin giram 25 zuwa 30 a kowace lita, a sa ƙwan kamar rabin ƙaramin cokali, sannan a zura siririn tiyon injin hura iska har ƙasa domin ƙwan ya riƙa juyawa. A zafin digiri 26 zuwa 28 yakan fara fashewa cikin kusan awa 24, kuma a nan ne yanayin garinmu ya taimaka, domin Turawa sai sun sa na'urar ɗumama ruwa, mu kuwa kusurwar ɗaki ta isa. Lokacin hunturu kaɗai ne yakan ja lokaci har ya wuce yini da rabi. Matsalar da ta fi damuna ita ce ɗaukewar wuta, saboda da zarar iska ta tsaya ƙwan sai ya taru a wuyan gora, kuma abin da zai fashe ya ragu ainun. Ƙaramin injin iska mai batir ya magance wannan, amma ƙarin kuɗi ne da ba a gaya wa mutum lokacin saye.

Idan ya fashe, sai a kashe iska a bar gorar ta natsa na 'yan mintoci. Ɓawon yakan taso sama, wanda bai fashe ba ya kwanta ƙasa, 'ya'yan kuma su bi haske, don haka da tocilar waya ake tara su wuri guda a zuƙo su da sirinji. Dole ne a tace su da ƙyalle mai laushi a ɗauraye gishirin da ruwa mai daɗi, kuma a yi taka-tsantsan kada ɓawo ya biyo, domin yana iya toshe cikin jariri. Daga nan ne ake ganin amfanin kuɗin. Jaririn yakan tsaya cik, gezar numfashinsa ta gefen kai tana kaɗawa a hankali, sai ɗan atimiyar da bai wuce rabin milimita ba ya gifta ta gabansa, ya yi wuf ya haɗiye shi har jikinsa ya ɗan zabura sama. Bayan ɗan lokaci cikinsa yakan koma ruwan lemo, ana hango shi ta fata, kuma da wannan nake gane wanda ya ƙoshi da wanda aka bari a baya.

Akwai aibu guda da ba shi da magani, wato atimiya ba ta wuce 'yan awoyi a ruwan da ba na gishiri ba, kuma abin da ya mutu yana ruɓewa da sauri. Wannan yana nufin kwashe ragowar bayan kowace ciyarwa da sauya wani ɓangare na ruwan kullum, da ruwan da ya kwana a buɗe idan na famfo ne, saboda sinadarin kulorin. Zafin da ke taimakon ƙwan kuma shi ne abokin gabar niyut, domin ta fi son ruwan da bai wuce digiri 22 ba, alhali a Maris da Afrilu zafin Bauchi yakan doshi 40. Ni dai a cikin babbar randa mai jiƙaƙƙen yashi nake dasa mazubinsu, ina ƙarawa da gorar ƙanƙara da rana, gorar ƙyanƙyasa kuwa tana can wani ɗakin daban.

Kada kuma a ɗauka abincin dindindin ne. Da ƙafafu huɗu suka cika, tsawo ya kai kamar santimita uku, atimiya ta daina ƙosar da su, manyan suka fara cizon jela da ƙafafun ƙananan, sai da na raba su bisa girma na koma ba su yankakkiyar tana. Samun tana da rani a Bauchi wani aiki ne mai zaman kansa, sai an bi masu lambu a fadama, an kuma tabbatar ba a yi feshin magani a wurin ba. Ragowar ƙwan kuwa yana lalacewa idan ya sha danshi ko zafi, don haka wanda ba shi da firji mai samun wuta a kai a kai gara ya sayi abin da zai ƙare cikin wata guda, ya rufe shi gam, ya nisanta shi da rana.