Garin abincin yis ɗin nan ya ceci giyar inabina

Gaskiya da farko na ɗauka ɓarnar kuɗi ce, tunda inabi akwai suga ai yis zai ci ya ƙoshi. Ashe suga kaɗai ba ya isar sa, sai da naitirojin. Haɗina na baya kwana 4 kawai ya yi kumfa ya tsaya cak, ga wani wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, wato yis ɗin ne ya galabaita yake fitar da iskar salfa.

Wanda na saya garin DAP ne, wato sinadarin da ke ba yis naitirojin, haɗe da bitamin da ɓawon mataccen yis. Wannan karon raba shi nayi kashi 2, rabi na zuba lokacin da haɗin ya fara kumfa, sauran kuma kafin sugan ya ragu da kashi 1 cikin 3, kuma fa haɗin ya tafi lafiya lau har ƙarshe babu wari ko kaɗan, naji daɗi sosai.

Amma dan Allah ku fara narkar da shi a ɗan ruwa, in kuka zuba garin kai tsaye kumfa zai taso ya malalo. Abu ɗaya da bai min ba, ledar ba ta rufuwa da kyau kuma garin na jan danshi, sai da na juye shi a kwalba.