Tiyon ban ruwa mai inci 4 da ya tsage mini a fadamar Kwalkwalawa

A farkon noman ranin bana na sayi naɗi biyu na tiyon ban ruwa mai inci 4, irin shuɗin nan da ake naɗewa kamar tabarma, kowane naɗi mita 100, domin jawo ruwa daga gulbin Rima zuwa gonata ta shinkafa. Makonni ukun farko ban ga aibinsa ba, har na yabe shi a gaban maƙwabtan gona, saboda ba shi da nauyi, yaro ɗaya ma yana iya shimfiɗa shi.

Wata Laraba cikin watan Maris, rana ta take sosai, na tayar da inji, ruwa ya cika tiyon ya yi tauri, sai kawai na ji ƙara kamar fashewar tayar mota. Kusa da bakin inji, inda ƙarfin ruwa ya fi yawa, ya tsage a tsaye kusan kamu biyu, ruwan ya rushe kunya ya malale gonar maƙwabcina, shinkafata kuwa ta kwana biyu da ƙishi. Da na duba wurin, sai na ga robar waje ta rabu da ta ciki, zaren da aka saƙa a tsakaninsu kuma ƴan tsiraru ne, alhali shi ne ke riƙe matsin ruwa. Tiyo mai faɗi ya fi siriri buƙatar zare mai yawa, domin gwargwadon faɗinsa gwargwadon ƙarfin da ke tura bangonsa, ga shi zafin Sakkwato da ke haura digiri 40 yana tausasa roba.

Na yanke wurin, na haɗa da guntun bututu, na ɗaure da robar tayar keke, na ce a raina wataƙila tsautsayi ne, domin naɗi na biyu bai tsage ba. Amma shi ma ƙananan huda sun bayyana a layin ninkinsa, suna tsartuwa tun daga gulbi har gona, ruwan da ke isa fangali ya ragu, man fetur kuwa sai ƙonewa yake yi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne amsar mai shagon. Na ce masa, “Alhaji, an rubuta a jikinsa cewa yana jure matsin ruwa har ma'aunin 'bar' 4, injina kuma bai kai haka ba.” Ya ce kayan da aka yanka ba a mayarwa. Yanzu tiyon maƙwabcina nake ara da daddare, kafin in sami mai kaurin da zan yanki bakinsa in ga zarensa da idona.