Sayen gida a Ingila da Sikotland: yaushe ciniki ke faɗawa?

Wani ɗan'uwa a zauren nan da ke aiki a Gilasgo ya yi tambaya: yana son sayen gidansa na farko, amma akwai yiwuwar a mayar da shi Bamingam, kuma yayansa da ya saya a Ingila ya ce masa hanyar duk ɗaya ce. Malam, ba ɗaya ba ce. Kowanne yanki da dokar ƙasarsa, kuma babban bambancin yana kan ranar da ciniki ke faɗawa.

A Ingila, wurin dillali kake taya gida, ko da ta waya ne. Mai gida ya ce ya sallama, amma wannan sallamar ba ta ɗaure kowa ba. Dokar 1989 ta ce cinikin gida sai a rubuce da sa hannu, don haka sai ranar da lauyoyin biyu suka yi musayar takardun yarjejeniya magana ke tabbata, kuma a ranar ake ajiye kafin alƙalami, yawanci kashi 10 cikin 100. Kafin a kai nan akan share wata biyu ko uku. Lauyanka zai binciki fayil ɗin gidan a ƙaramar hukuma da kamfanin ruwa, ya duba haɗarin ambaliya, ya bi fom ɗin TA6 (bayanan gida) da TA10 (kayan da za a bari a ciki) da mai gida ya cike, ya aika tambayoyi. Kai kuma ka biya safiyo ya duba lafiyar ginin. Duk wannan kuɗin yana fita ne a kan gidan da ba a ɗaure maka ba. Wani ya zo ya ɗora fam 5,000 a kan tayinka, mai gida yana da damar juya maka baya, kuma ko fam ɗaya ba zai mayar maka ba.

A Sikotland aikin ya juya. Tun Disamba 2008 mai sayarwa ne ke tanadar rahoton gida kafin ya kai shi kasuwa: binciken safiyo tare da ƙimar gidan, bayanin makamashi, da amsoshinsa kan gyare-gyare da makamantansu. Ka nema, a ba ka, galibi kyauta. Tayi kuwa lauya ne ke miƙawa a rubuce, shi ya sa dole ka riƙe lauya tun kafin ka ga gidan da ya kwanta maka. In masu so sun yi yawa, dillali ya tsayar da rana da sa'ar rufe tayi, kowa ya aiko da tayinsa a rufe, ba wanda ya san abin da wani ya rubuta. Daga nan lauyoyi su yi ta musayar wasiƙu kan sharuɗɗa. Ranar da wasiƙar ƙarshe ta fita, ciniki ya faɗa, wanda ya janye zai biya diyya. Galibi ba a karɓar kafin alƙalami. Lauyan da aka karɓi tayi ta hannunsa a ranar rufewa kuma, ƙa'idar ƙungiyarsu ta ce ya ajiye aikin in mai gida ya ce zai koma wa wani mai saye, abin da ya sa ƙwacen ciniki ya yi ƙaranci a can.

Sai dai tsarin nasu yana da tarkonsa. Banki yana ba da bashi ne a kan ƙimar da ke cikin rahoto, ba a kan abin da ka taya ba. A ce rahoto ya yi wa gida kuɗi fam 180,000, kai kuma ka ci gasar da 195,000. Bankin da zai ba ka kashi 90 zai tsaya a 162,000. Daga aljihunka za ka kawo 33,000, ba 19,500 da ka lissafa ba. Kada ka bar lauya ya rufe wasiƙu kafin takardar bashi ta fito daga banki.

In fulat kake nema, Ingila ta fi wahala. Yawancinsu haya ce mai dogon zango, shekara 99 ko 125 ko 999, da kuɗin hidima duk shekara. Wadda sauran wa'adinta ya gangaro kusa da shekara 80 takan yi wuyar samun bashi da wuyar sayarwa. A Sikotland fulat naka ne dungurungum, sai dai ku raba kuɗin rufi da matakala da maƙwabta. A Ingila, ban da lauya, akwai masu lasisin sauya mallakar gida kawai, kuma aikinsu ya wadatar a gidan da ba rikici. Ko wanne ka zaɓa, tambayar farko ita ce ko yana cikin jerin waɗanda bankinka ya amince da su. In ba ya ciki, za ka biya lauya na biyu.

Harajin sayen gida: bisa ƙa'idar Afrilu 2025, mai sayen farko a Ingila ba ya biyan komai har fam 300,000, a Sikotland har 175,000. A nan mutanenmu ke faɗawa rami. Mai sayen farko shi ne wanda bai taɓa mallakar gida ba a ko'ina a duniya, kuma gidan gado a Kano ko Zariya yana cikin lissafi. In kason da kake riƙe da shi ya kai fam 40,000, ana iya ɗora maka ƙarin harajin gida na biyu: kashi 5 a Ingila, kashi 8 a Sikotland. A gidan fam 200,000, jimillar haraji ta kai 11,500 a Bamingam, 17,100 a Gilasgo. Faɗa wa lauya tun ranar farko, kada ka bari sai ana cike fom. Wa'adin biya kwana 14 ne a Ingila, 30 a Sikotland.

Abin da suka yi tarayya a kai shi ne bin asalin kuɗi. Kuɗin da ya shigo ta hannun ɗan canji daga asusun mutumin da ba ka sani ba, ko kwasar adashe da ba ta da rubutu, na iya tsayar da ciniki makonni. In Baba ne ya taimaka, za a nemi fasfo ɗinsa, bayanan asusunsa, da takardar cewa kyauta ce ba rance ba. Imel ɗin da ya ce lauya ya sauya lambar asusu kuwa, kada ka tura sisi sai ka kira ofishin ta lambar da ka sani tun farko.

Shawararmu: tunda maganar canjin wurin aiki ba ta tabbata ba, kada ka sa lauya ya miƙa tayi a Gilasgo yanzu. Jira takardar ofis tukuna, ka yi amfani da lokacin wajen haɗa bayanan asusu na wata shida.