Know Your Meme: Shafin Da Ya Raba Gardamata Da Ƙanina

Gardama ce ta kai ni shafin Know Your Meme. Ƙanina yana da wata sitika a WhatsApp da ya mayar amsar kowace tambaya. Ina kuɗin da na ba ka ajiya? Sai ga fuskar kocin ƙwallon ƙafa José Mourinho, a ƙasa an rubuta "If I speak I am in big trouble", wato in na buɗe baki na shiga uku. Me ya hana ka ɗaga wayata jiya? Mourinho. Ranar da abin ya ishe ni na ce masa shi kansa bai san inda maganar ta samo asali ba. Ya ce, "Haba Yaya, ai lokacin yana Manchester United ne." Na ce Chelsea ce. Muka yi ta ja-in-ja har na rubuta jimlar a Google, na faɗa wannan shafi, kuma ban fito ba sai bayan kusan awa biyu.

Ni na yi gaskiya, bari in fara da wannan. Ranar 15 ga Maris 2014 Aston Villa ta ci Chelsea 1-0. Alƙalin wasa ya ba Willian da Ramires jan kati, ya kuma kori Mourinho daga bakin fili. Da aka tashi, ɗan jarida ya miƙa masa makirfo, shi kuma yana tsoron hukumar ƙwallon Ingila ta ci shi tara idan ya taɓa alƙali, sai ya ce ya gwammace ya yi shiru. Iyakar labarin ke nan. Amma yau mutumin da bai taɓa kallon wasan ƙwallo ba yana tura fuskar nan idan matarsa ta tambaye shi ko sabon ɗinkinta ya yi kyau.

Aikin shafin shi ne bin diddigin abin da ake kira mim: hoto, ko guntun bidiyo, ko wata jimla da mutane ke ta yayi a intanet, kowa yana ɗora mata tasa ma'anar. Ya fara ne a 2007 a matsayin shirin bidiyo a ƙarƙashin shafin bidiyo na Rocketboom a Amurka, daga baya ya zama rumbun bayanai. Kamfanin Cheezburger ya saye shi a 2011, a 2016 kuma ya koma hannun Literally Media. A 2014 babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin shafukan da yake adanawa don tarihi, abin da ya ba ni dariya da farko, daga baya na ga hikimarsa. Karatu kyauta ne. Duk wanda ya yi rajista zai iya shigar da sabon batu, ma'aikatan shafin su bincika, su tabbatar ko su jefar. Kowane batu yana ɗauke da alamar matsayinsa a sama, don haka kana shiga za ka san ko an tantance shi ko har yanzu zancen wani ne kawai. Wannan alamar ita ce abu na farko da nake dubawa.

Tsarin kowane shafi kusan ɗaya ne. Taƙaitaccen bayani, sai asali, sai yadda abin ya bazu, sai misalai, sai zanen Google da ke nuna lokacin da mutane suka fi neman kalmar. Sashen asali da na bazuwa su ne naman wurin. Idan ka karanta goma a jere, ba sai wani ya yi maka lacca ba, da idonka za ka ga yadda subutar bakin shahararre ke zama abin wasan duniya.

Ɗauki Keke Palmer, 'yar fim ɗin Amurka. A Satumbar 2019 mujallar Vanity Fair ta zaunar da ita, aka liƙa mata na'urar gano ƙarya, ana yi mata tambayoyin raha. Da yake tana yarinya ta taɓa fitowa a wani shiri a matsayin mataimakiyar shugaban kamfani, sai aka tura mata hoton Dick Cheney, mataimakin shugaban Amurka daga 2001 zuwa 2009, don a kwatanta su. Ta ƙura wa hoton ido. Cikin ladabi, har da ɗan jin kunya, ta ce ita fa ba ta san wannan mutum ba, ko a hanya ta haɗu da shi ba za ta gane shi ba, sannan ta rufe da "Sorry to this man", wato bawan Allah ya yi haƙuri. Cikin kwanaki kaɗan wani ya yanke 'yan daƙiƙun nan daga doguwar hirar ya ɗora a Twitter. Wani ya zo ya rubuta a sama cewa haka yake yi idan tsohuwar budurwarsa ta gaishe shi. Wani ya ce haka yake yi wa mai binsa bashi. Kafin ka ce kwabo Cheney ya ɓace daga zancen gaba ɗaya. Saura fuskar Keke da gurbi a buɗe, kowa ya cusa wanda yake so ya yi wa ban-sanka-ba.

A nan na fahimci dabarar. Ba kowace baƙuwar magana ke tashi ba. Wadda ke tashi gajeriya ce, tana tafe da fuskar da ta faɗi fiye da abin da baki ya faɗa, kuma ana iya cire tambayar da ta haife ta ba tare da ta mutu ba. Mim amsa ce da aka yanke wa tambaya. Abin da Know Your Meme ke yi, idan ya yi aikinsa da kyau, shi ne ya ɗinke mata tambayar ya mayar.

Wani abin da ban sani ba sai da na zauna a shafin: ba dole ne abin ya kama nan take ba. Mawaƙiyar Amurka Mariah Carey ta yi tata a farkon shekarun 2000, a wata hira da gidan talabijin na Jamus. An tambaye ta game da Beyoncé, ta yaba. An ambaci Jennifer Lopez, ta girgiza kai tana murmushi ta ce "I don't know her", ban san ta ba. Lokacin babu YouTube, babu Twitter. Maganar ta kwanta shekara da shekaru kafin a tono ta, a mayar da ita hoto mai motsi, ta zama hanyar wulaƙanta mutum ba tare da an zage shi ba. Ta Keke kwanaki, ta Mariah shekaru. Irin wannan tazarar ba za ka gan ta a sitikar da aka turo maka ba, sai a wurin da ya damu da kwanan wata.

To, inda shafin ke da gajeren hannu. Turanci ne zalla, kuma Turancin 'yan intanet, wani lokaci sai ka nemi ma'anar kalma uku kafin ka gane jimla ɗaya. Hankalinsa ya fi karkata ga abin da ya tashi a Amurka da dandalin masu jin Turanci, don haka barkwancin sauran harsuna rabonsa kaɗan ne. Da talla yake rayuwa, mai ƙaramar waya da ɗan data zai ji nauyinta. A tsofaffin batutuwa kuma wasu misalan sun zama kufai, domin masu su sun goge ko an rufe musu asusu, wannan kuwa ba laifin kowa ba ne, halin intanet ne. Sannan da yake yana adana komai, har da na batsa da na cin zarafi, ba shafin da zan miƙa wa yaro ya yi ta yawo shi kaɗai ba ne.

Amma babban abin da ya tsaya mini a rai daban ne. An gina shafin ne don amsa yaushe, da ina, da wa ya fara. Tambayar me ke damun mutumin a ranar ba ita ce sana'arsa ba. Charlie Sheen, ɗan wasan talabijin na Amurka, ya sa na lura da haka. A ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2011 ya bi gidajen talabijin yana hirarraki, ido a zazzare, yana cewa jinin damisa ne a jikinsa, yana maimaita "winning", wai shi nasara kawai yake yi. Duniya ta ɗauka. Ya buɗe Twitter, cikin kusan awa 25 ya tara mabiya miliyan ɗaya, har littafin Guinness ya rubuta. Ranar 7 ga Maris aka kore shi daga shirin da ya sa ya fi kowane ɗan wasan talabijin albashi a lokacin. Kana iya bin wannan duka daki-daki, rana bayan rana, kamar mai karanta rajista. Abin da rajista ba ta iya ɗauka shi ne cewa mutum ne ke rushewa a gaban kyamara ana tafa masa. Shekara goma bayan nan shi da bakinsa ya ce yana nadamar lokacin.

Na Allen Iverson, ɗan wasan ƙwallon kwando na Amurka, ya fi taɓa ni, kuma a dogon rubutun 'yan jaridar wasanni na karanta shi. Ranar 7 ga Mayu 2002, bayan Boston Celtics ta fitar da ƙungiyarsa ta Philadelphia daga gasar ƙwallon kwando, aka tsare shi da tambaya kan ƙin zuwa atisaye. Ya fusata ya maimaita kalmar atisaye fiye da sau 20. Guntun nan aka yanke, ake ta dariya har yau. A cikin taron guda, wanda ya wuce rabin awa, ya yi maganar amininsa da aka harbe watanni bakwai kafin nan, yana cewa shi yana fama da wannan rashi ana dame shi da zancen atisaye. Wannan ɓangaren ba wanda ya mayar sitika.

Duk da haka ina ba da shawarar shafin, musamman ga ɗan jarida, da mai kula da shafin wani kamfani, da duk wanda ya taɓa tura fuskar baƙo a zauren dangi bai san ko wane ne ba. Minti biyu a can na iya hana ka jin kunya. Ka duba alamar tantancewa, ka karanta asali, in da hali ka danna cikakkiyar hirar ka kalla da kanka, kada ka tsaya a guntun.

Na Iverson na goge shi daga wayata. Na Mourinho yana nan, domin shi babu abin tausayi a ciki. Ya yi shirunsa don gudun tara, amma hukumar ta bi shi ta wata ƙofa, ta ci shi fam 8,000 saboda shiga fili da ya yi a wasan. Wannan ban gaya wa ƙanina ba tukuna, ina ajiye da shi sai ranar da ya sake turo mini fuskar a maimakon kuɗina.