Sola, janareto ko wutar NEPA: wanne ya fi sauƙi ga aljihu?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lissafin wutar gida da ta shago ya juye. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta a yini, daga kusan naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Shi ya sa yanzu duk majalisar da ka zauna a Kano ko Kaduna zancen sola ake yi. Sai dai kafin ka zuba kuɗinka, ka san da me kake gwada ta.

In da wutar NEPA ce, kuma unguwarku tana cikin ƙananan rukunan da ba a yi wa wancan ƙarin ba, to babu solar da za ta fi ta araha. Matsalar wutar NEPA ita ce ba ta zuwa. Mutanen Arewa ba su manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, jihohi da dama suka shafe fiye da mako cikin duhu, masu ƙanƙara da teloli suka zauna hannu rabbana. Ga wanda ke Band A kuwa, wutar rana ta riga ta fi masa sauƙi da rana, da dare ne lissafin yake zuwa kusan kunnen doki.

Janareto shi ne abokin gwajin gaskiya, domin shi yawancinmu muke ciyarwa. Saye ba wuya, riƙo ne aiki. Ƙaramin injin fetur da ƙyar yake ba da yunit 2 daga lita guda, musamman in ba a ɗora masa cikakken kaya ba. Ko a naira 900 ka sayi litar, yunit ɗinka ya tashi a 450, ninki biyu na Band A ke nan, ban da baƙin mai da filogi da kuɗin makaniki. Ga ƙara, ga hayaƙin da ya sha hallaka iyalai cikin barci saboda an kwana da inji a kusa da ɗaki.

Sola kuma kuɗinta a gaba yake, gaba ɗaya. Farashin farantin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a duniya tsakanin 2010 da 2020, duk da cewa faɗuwar naira ta cinye mana wani ɓangare na wannan rangwame, tunda yawancin kayan daga Sin ake shigo da su da dala. Amma Allah Ya hore mana rana. Faranti ɗaya mai wat 500 a Kano ko Sakkwato yana iya ba da yunit 2 ko sama da haka a yini, wato abin da lita guda ke ba ka, kullum, ba layi a gidan mai, kuma masu kyau suna zuwa da garantin shekara 25.

Batir ne ke yanke hukunci, kuma a nan ne mutane suka fi tafka asara. Batirin ruwa mai 200Ah da bolt 12 yana ɗaukar yunit 2.4 a takarda, amma rabi kawai ya kamata ka ci. In kana zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare, ba zai yi maka shekara biyu ba. Yana son a riƙa duba ruwansa ana ƙara tatacce, kuma zafin bazara na watan Afrilu yana tsufar da shi da wuri, balle in an cusa shi a lungun da iska ba ta shiga. Na litiyam ya fi tsada a ranar saye, amma ana iya cin kashi 80 zuwa 90 na cajinsa, yana jure caji sau dubbai, ba ruwansa da ƙarin ruwa. A ganina, wanda ke da hali ya sayi ƙaramin litiyam ya fi ya jera na ruwa guda huɗu. Sai dai a yi hattara: kasuwa cike take da tsofaffin ƙwayoyin batir da aka sa wa sabuwar riga. Kada ka karɓa sai da garanti a rubuce, daga shagon da za ka iya komawa.

Wanda aikinsa na rana ne shi ya fi kowa cin riba, domin ƙaramin batir ya ishe shi. Tela, mai cajin waya, mai firizar ƙanƙara da ke daskarar da kayanta tun daga hantsi zuwa la'asar. Manomin rani kuwa ko batir ba ya buƙata: faranti da famfo kawai, rana na fitowa ruwa na zuba a kwami.

Kafin ka je kasuwa, rubuta duk abin da za ka kunna da awannin da zai yi. Fanka, ƙwan fitila, talabijin da firji ba su da wuyar ɗauka. Dutsen guga, hita da na'urar sanyaya ɗaki su ne ke ninka kuɗin batir da inbata, na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida, don haka ka bar guga sai tsakar rana. Firji da famfo suna fizgar wuta sosai a lokacin tashi, sai a zaɓi inbata da ta ɗara lissafinka. Kada a yi maka rowar waya, siririya tana zafi tana cinye wuta, kuma a sa birka mai yanke wuta da wayar ƙasa saboda tsawa.

Wanda ba shi da dunƙulallen kuɗi, akwai ƙananan na'urori na biya sannu a hankali, masu ɗaukar fitilu da fanka da cajin waya. Ka tara jimillar abin da za ka biya har ƙarshe, za ka ga ta fi kuɗi hannu, amma sau da yawa ba ta kai na fetur ba.

Da hunturu ƙura tana rufe faranti ta rage masa ƙarfi, sai a riƙa wanke shi da sassafe kafin ya ɗauki zafi. Kuma kada ka yi gaggawar sayar da janaretonka; a watan Agusta, in hadari ya kwana biyu bai washe ba, za ka buƙace shi na 'yan awanni don cika batir.