Kwabar katako ko ta alminiyom? Abin da nake gani a gidajen tafi-da-gidanka a nan Indiana

Salam Yaya, da fatan kana lafiya, ya iyali ya shago, ya yaran aiki. A gaida min su Inna. Maganar nan kai nake wa ita tunda kai ne kafintan gidanmu, amma na sa ta inda sauran 'yan uwa masu sana'ar katako da masu aikin alminiyom za su gani, don na san akwai wanda za ta amfana.

Aikina a nan ka san shi, jan gidajen tafi-da-gidanka ne da akori-kura, in ɗauko sabo daga yadin kamfani in kai wa dila a wata jihar. A nan RV suke ce musu, ɗaki ne a kan taya, da gado da kicin da banɗaki da firij, mutum ya ɗaura a bayan motarsa ya kwashi iyali su tafi daji ko bakin tafki su yi kwanaki. Yankin da nake, wato Elkhart da garuruwan da ke kewaye da shi a arewacin jihar Indiana, nan ne matattarar abin, wajen kashi 80 cikin 100 na waɗanda ake yi a Amurka daga nan suke fitowa. Manyan kamfanonin, Thor da Forest River da Jayco, duk nan suke. A 2021 kaɗai, in aka haɗa na nan da na sauran wurare, sama da dubu 600 aka fitar. Ƙarama sabuwa za ka samu a wajen dala dubu 20, manya kuma sai su haura dala dubu 100.

To masu sayen nan akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a tsakaninsu, kwabobin ciki da durowa, na katako ne suka fi ko na alminiyom. In ka zauna a wajen dila kana jiran a sa maka hannu a takarda za ka ji su, miji na cewa kaza mata na cewa kaza. Ni kuma da na taso cikin ƙurar zarto a shagonka ban iya shiga ɗaya in fito ban buɗe kwaba na leƙa ba.

Kuma wallahi abin da ya fara ɓata min rai kenan. Mafi yawan abin da suke kira katako a masu arahar nan ba katako ba ne yadda ka san katako. Garin katako ne aka kwaɓa da gam aka danne, wato MDF ko ɗan uwansa mai tsakuwa-tsakuwa, sai a lulluɓe shi da leda ko takarda mai zanen itace. Daga nesa sai ka rantse madaci ne. Murfin ne kawai wani lokacin ake yi da itace na gaske, saboda shi ido ke fara gani. Bangon kwabar kuma wani filawud ne siriri da ake shigowa da shi daga Indunisiya, lauan suke ce masa, kaurinsa bai fi milimita 3 ba. Haɗin ma yawanci da fin na bindigar iska ne da gam, ba a fafe wannan a zura wancan yadda kake yi. Ka buɗe kwabar da ke ƙarƙashin wajen wanke-wanke a wadda ta ɗan kwana biyu, ka danna babban yatsanka a gindinta, in ruwa ya taɓa ɗiga a wurin za ka ji ta kumbura ta yi laushi, ledar ta ɗaye daga gefe, ramin sukurun hinji ya zama gari, ko ka mayar da sukurun juyawa kawai yake yi ba ya kamawa. Wannan ba ta da gyara, sai dai a cire a sa wata.

Ba wai ma'aikatan ba su iya ba ne fa. Da yawansu 'yan Amish ne, mutanen nan masu dogon gemu da keken doki da ba sa tuƙa mota, kuma duk Amurka an san su da iya aikin katako, in ka ga teburin da suka yi a gidajensu jikokinka ma za su gaje shi. Amma a masana'anta yawanci da yawan abin da layi ya fitar ake biya, tun asuba suke shiga, in an cika adadin ranar kowa ya kama gabansa, kuma kamfani na neman abu mara nauyi mara tsada. Hannu mai kyau ne aka ba shi kaya mara kyau da lokaci kaɗan.

Maganar nauyin nan ita ce tushen komai, abin da mu a gida ba ma tunaninsa sam. Kowace mota akwai iya nauyin da aka rubuta za ta ja, in ka wuce shi birki ne zai ba ka kunya a gangare. Saboda haka kowane kilo ana lissafa shi. Mutane na ɗauka alminiyom ya fi katako rashin nauyi, a dunƙule kuwa ba haka ba ne, mita ɗaya ta kowane ɓangare na alminiyom kilo 2,700 ne, filawud kuma wajen 600. Abin da ya cece shi shi ne siririn falle ake amfani da shi a lanƙwasa gefensa ya yi ƙarfi. Falle mai kaurin milimita ɗaya da rabi, faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya, kilo 4 ne, MDF mai milimita 12 girman nan kuma wajen kilo 9. Ka ga ya ninka. Amma in filawud mai kyau ne na itace mara nauyi tazarar ba ta kai haka ba, shi ya sa masu kuɗi da yawa har yanzu katako suke bi.

Ka ɗauki Airstream, wadda ake yi a Jackson Center ta jihar Ohio, mai ƙyalli mai siffar kwakwa da aka miƙar, wani Wally Byam ne ya fara ta a shekarun 1930. Jikinta gaba ɗaya alminiyom ne da ribit, amma ka shiga ciki mafi yawan kwabobin filawud ne da aka lulluɓe. Akwai kuma Scamp ta garin Backus a Minnesota, ita jikinta na faiba ne, in kana son mai kwabar itace na gaske sai ka ƙara kuɗi, ita ce babbar aji a wurinsu. Wato ko a nan ɗin katako na gaske shi ne abin alfahari.

Su kuma 'yan alminiyom hujjarsu ruwa ce, kuma hujja ce mai ƙarfi. Abin da ke kashe gidajen nan ruwa ne, ba tsufa ba. Rufin yana da ramuka da yawa, na iyakwandishan, na fanka, na eriya, duk da gam ake toshe gefensu, rana ta daka sanyi ya daka gam ya tsage, ruwa ya riƙa tsatsafowa cikin bango ba wanda ya sani sai an fara jin warin fumfuna. Ga lokacin ƙanƙara, in ba a zuƙe ruwan bututu an zuba wani jan ruwa mai hana daskarewa ba, bututun ya fashe, sai bazara ta zo a buɗe famfo ruwa ya cika ƙarƙashin kwaba. Alminiyom ko a jikinsa, ba ya ruɓewa ba ya kumbura, ka goge kawai. Akwai kamfani a Nappanee, ATC, su ba sa sa katako ko kaɗan, bene da kwaba duk alminiyom, kuma masu sayensu yawanci masu baburan tsere ne da masu farauta, waɗanda ke shigo da injin duk laka, su dawo gida su sa tiyo su wanke cikin tas. Wa zai yi wa garin katako haka? An yi wani ma, Livin' Lite, shi ma haka yake yi, Thor ta saye shi a 2013 daga baya aka daina yin su, har yanzu masu su ba sa son rabuwa da su.

Akwai kuma maganar gam ɗin da ke cikin garin katakon. Bayan guguwar Katrina a 2005 gwamnati ta raba wa waɗanda suka rasa gidaje irin waɗannan ɗakuna, mutane suka zauna ciki wata da watanni suna kukan ciwon kai da tari da zafin ido, a 2008 hukumar lafiya ta CDC ta auna ta samu sinadarin formaldehyde ya yi yawa a iskar ciki. A 2010 aka yi dokar da ta ƙayyade yawansa a irin waɗannan alluna. Yanzu da sauƙi sosai, amma har yau in na buɗe sabuwa da ta wuni a rana a kulle sai na bar ƙofa a buɗe tukunna in shiga. Wannan ya sa nake tunanin yaranka da ke yanka MDF a shago ba takunkumi, don Allah Yaya a saya musu, kuma a riƙa yankan a inda iska ke wucewa.

Amma fa alminiyom na da nasa. Na kwana a cikin irinta lokacin sanyi, da asuba ka kai hannu za ka ɗauko kofi murfin kwabar ya cije ka don sanyi, kuma duk jikinta ya yi gumi, ɗigo-ɗigo yana gangarowa, numfashin mutane da tururin shayi ne ke sauka a kai saboda alminiyom na ɗaukar sanyi da zafi fiye da katako sau dubu da wani abu. In ka jera tufafi suka jingina da bangon sai ka same su da danshi. A hanya kuma ƙara, cokula da tukwane na buga shi kamar ana biki, sai an shimfiɗa roba. In ya lotsa ya lotsa kenan ba ya dawowa. In aka ɗaure shi da sukurun ƙarfe kuma ruwan gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara ya samu wurin, sai ka ga wani farin gari na fita yana cin gefen ramin. Ga tsada, kuma tun 2018 da aka sa wa wanda ake shigowa da shi haraji abin ya ƙara hawa. Sannan matan da nake ji suna magana yawanci ba sa son shi, sun ce ciki sai ya zama kamar garejin makanike, su wurin da za a zauna da yara a ji ɗumi suke so. Ni ma zuciyata tana nan, in dai katakon na gaske ne.

Inda muka fi su nesa ba kusa ba shi ne gyara. A nan in hinji ya fita ka kai wa dila, kuɗin aiki kaɗai ya haura dala 100 a awa, kuma lokacin bazara sai ka yi makonni kana layi, ko da garanti ne, wani lokacin ana jiran murfi ɗaya ya zo daga kamfani. Shi ya sa kowa ya zama kafintan kansa, su cusa tsinken sakace da gam a ramin sukuru su mayar. Wanda kwabarsa ta alminiyom ce kuma in walda ta tsage sai ya nemo mai waldar alminiyom, su kuma ba ko'ina ake samunsu ba. Na tuna yadda mutum zai aiko yaro shagonka da safe, kafin la'asar an je an gyara masa, wani lokacin ma ka ce ya bar shi. Wallahi wannan ni'ima ce da ba mu san darajarta ba. Abin da suka fi mu shi ne kayan haɗi, makullin durowa da ba ya buɗewa komai gargada, da reli mai ƙwallaye da ke tafiya sumul, waɗannan kam ko na masu arahar suna da kyau.

In ni ne zan saya sabuwa don iyali, mai filawud na gaske zan nema, in cire durowa in juya ta in ga gefen allon da idona, in na ga layi-layi na falle to, in na ga gari in wuce. In kuma ta hannu ce wadda ban san yadda mai ita ya kula da rufinta ba, alminiyom zan bi ba gardama.

Game da kicin ɗin gida kuwa, tunda na ji yanzu masu tagogin alminiyom sun fara karɓe muku aikin kwabar kicin, ni ban ga dalilin da za ka bar katako ba. Mu nauyi bai dame mu ba, kicin ba ya tafiya ko'ina, gumin sanyin nan ma ba mu da shi. Abin da ke gabanmu gara ce da ruwan wanke-wanke da hunturu mai tsaga katakon da bai bushe ba. Ka nemi ɗaya daga cikin masu alminiyom ɗin ku haɗa hannu, kwabar ƙarƙashin famfo da ƙafafun da ke taɓa ƙasa shi ya yi, na sama da murafe kai ka yi da katako busasshe, MDF kuma kada ya kusanci inda ruwa yake ko mai gida ya matsa don araha. Makullan durowar nan da relin na sayi kala biyu-biyu, zan ba mai zuwa ya kawo maka, ka kai kasuwa ka gwada ko akwai irinsu, in babu ka faɗa min girman da ka fi amfani da shi in ƙaro.